Kawu da Idon Girish

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Kawu ya riga mu komawa. Bayan la'asar aka yi masa salla aka kai shi. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta a nan Jidda, don haka abin da na sani game da makwancinsa shi ne abin da yayana ya faɗa mini: fili ne mai farar ƙasa, an dasa ɗan dutse wajen kai, ba suna, ba wata alama. Na tambaye shi ko zai gane wurin in ya koma. Ya ce yana jin dai kusa da katanga ne.

An jera wa maza kujeru a bakin titi kamar yadda aka saba, mu kuma muka cika falon gidansa a unguwar Sharafiyya. Duk wadda ta shigo takan fara da "Allah ya jiƙansa", sai ta ɗaga kai, sai sauran addu'ar ta maƙale. Bangon falon nan kaf hotuna ne, kuma ba na Ka'aba ba ne, ba na jikoki ba. Hotunan girish ne, babban kifin nan mai cin nama da 'yan Najeriya ke kira shak. Wani ya nufo ka gaba da gaba, wani yana wucewa ta gefe yana satar kallonka da ido ɗaya.

Wata tsohuwa 'yar garinsu daga Bur Sudan ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "A'uzu billahi! A nan za mu yi wa mamaci karatu, dodanni na kallonmu?" Wata maƙwabciya ta raɗa wa ta kusa da ita cewa ita fa tun can ta san mutumin nan yana da iska. Wasu 'yan mata haihuwar Jidda suka tsaya baki buɗe, ɗaya tana ce wa ɗaya da Larabci, wai da gaske wannan tsohon mai jan ƙafa ne ya ɗauka? Kafin magariba Umma ta ciro zannuwan gado ta lulluɓe hotunan ƙanenta duka. Haka muka yi zaman makokin, kewaye da fararen zannuwa.

A rana ta biyu Kawu Babba, yayan su Umma gaba ɗaya, ya aiko yayana da saƙo cikin gida. Ya ce da zarar an tashi daga makoki a haɗa hotunan nan a ƙone, na bango da na cikin kwali, domin duk hoton mai rai da ɗan'uwansa ya bari nauyi ne a kansa a kabari. Ni da na ji, sai da gahawar hannuna ta zube mini a cinya. Kawu bai haihu ba. Bai bar gida ba, haya ce. Kabarinsa ba suna. Fim ɗin da aka wanke hotunan daga ciki ya ruɓe tun shekarar da ruwan sama ya shiga ɗakunan ƙasa. In aka ƙone waɗannan, babu sauran abin da zai nuna cewa mutumin nan ya zo duniya ya ga wani abu.

Shi ya sa nake rubuta wannan. Ni tela ce a wani shagon ɗinkin mata a Bagdadiyya, ba marubuciya ba, kuma ko wanka a bakin teku ban taɓa yi ba. Amma ni ce na fi kowa zama a gabansa, domin ni kaɗai ce ba na gajiya da ihunsa.

Ihu kam yana yi. Nutso ya cinye masa kunne ɗaya, sai ya ɗauka kowa ma haka yake. In ya kira ka a waya, ka ajiye ta a kan tebur ka ci gaba da aikinka, ba abin da zai wuce ka. Da safe yakan leƙa taga ya shinshina iska ya ce, "Yau teku na da fushi," ko da kuwa tsakaninsa da tekun akwai gine-gine cike da ido. Ba ya cin kifi. Mutumin da ya yi rayuwarsa a ruwa, in an kawo sayadiyya sai ya tsame shinkafar ya ture kifin gefe, ya ce shi ba ya cin abokan aiki.

A Bur Sudan ya taso, jikan alhazan da hanya ta ƙare musu a can. Ɗaukar tukwanen iska ya fara yi wa Turawa masu nutso, har wani ya bar masa tsohuwar kyamara a cikin akwatinta na shiga ruwa. Da ya ƙetaro Jidda ya samu kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, mai jirgin kai masu nutso a bakin tekun Abhur, aikinsa ya jagorance su ƙasa ya dawo da su da rai. Hoton kuwa ba wanda ya sa shi. Ba ya sayarwa, ba ya kaiwa gasa. Ya wanke ya rataye, ya zauna ya yi ta kallo.

Na taɓa tsokanarsa na ce, "Kawu, duk kifayen Allah masu launi, ka rasa wanda za ka so sai wannan mummunan?"

Ya ce, "Ya binti, ɗiyata, masu launin nan ado ne. Ke kin taɓa jin wanda ado ya sa shi tuna Allah?"

Sai ya ba ni labarin yadda abin yake. Ya ce in ka sauka inda duwatsun murjani suka ƙare, ƙasa ta yanke, sai shuɗi kawai a ƙarƙashinka har inda ido ya gaza. A nan za ka tsaya ka jira. Ba ka jin komai sai numfashinka. Da fari inuwa ce, har ka ce idonka ne. Sai inuwar ta yi kafaɗa. Ya ce a daidai nan ƙafafunka za su ce gudu, kuma babu inda za ka. In ka yi haki, kumfar bakinka ta kore shi. In ka yi wutsil-wutsil, ka zama abin sha'awa. Dole ka tattara tsoronka ka riƙe shi a ƙirji, ka riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan.

"To yaushe kake danna kyamarar?"

"Sai ya dube ni. Kafin nan hoton kifi ne, kowa ma zai iya."

Ya ce shekarunsa duka a doron ƙasa, duk wanda ya dube shi wani abu yake nema a jikinsa. Ɗan sanda iƙama yake nema, takardar izinin zama, mai gida kuɗin haya, wani kuma ya dubi fatarka ya yanke maka hukunci tun ba ka buɗe baki ba. "Amma shi wannan," ya nuna wani mai fararen bakin fiffike a bango, "ya zo ya zagaya ni, ya dube ni tun daga kai har ƙafa, kamar yana auna ni a mizani. Wallahi ban taɓa jin na zama ƙarami haka ba, ban kuma taɓa jin ina raye haka ba. Da ya juya ya tafi sai na ji kewa. Kin ji hauka ko? Abin da zai iya raba ni gida biyu ya tafi, ni kuma ina kewarsa."

Matarsa, wadda muke kira Inna, ba ta son wannan hira. Da ya fara sai ta tashi ta shiga kicin ta yi ta buga tukwane. Tana share ƙurar hotunan kullum, amma kanta a sunkuye, kamar mai gaida suruki. Ta taɓa ce mini, "Ku hoto kuke gani. Ni kowane ɗaya yini ne da na yi ina jiran a ƙwanƙwasa mini ƙofa." Ta ce ranar da ya samu hoto mai kyau takan gane tun daga matakala, domin ba ya ihu. Sai ya shigo ya zauna, ko shayi ba ya sha, har gari ya waye.

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan, dangi suka fara isowa ta jirgin ruwa, gidan nan mai ɗaki biyu ya koma tasha. Cikinsu akwai wata 'yar ƙanen Inna, matar aure da goyo, wadda ko murfin tukunya ya faɗi sai ta shige ƙarƙashin gado tana karkarwa. Kowa ya yi mata nasiha ya gaji, an yi tofi, an yi rubutu. Kawu bai ce mata ta yi haƙuri ba ko sau ɗaya. Da hantsi yakan zauna nesa da ita kaɗan ya ce, "Yalla, ja iska. Riƙe. Kada ki kore shi, tsoron nan naki ne. Sake shi a hankali." Mutumin da ba ya iya magana a hankali, da ita murya ƙasa-ƙasa yake yi. Ban ce ta warke ba, amma kafin su wuce Masar ta fara iya tsayawa a kicin. A wajen makokin nan, ta waya ta kira, kuka ya hana ta gama gaisuwa.

Tsakaninsa da Kawu Babba kuwa, abin ya daɗe. Kawu Babba mai sayar da turare ne da carbi, mutum mai tsoron Allah na gaske, ba na nuna wa mutane ba, sai dai in ya kafe ko jaki ya sallama masa. Wata Sallar layya, muna tsakiyar cin nama, ya ajiye ƙashi ya ce, "Kai yanzu ranar da za a ce ka busa wa waɗannan rai, me za ka ce?"

Kawu ya ce, "Yaya, ni ban ƙera su ba. Wanda ya yi su ya nuna mini, ni kuma na yi shaida."

"Shaidar da ta kori mala'iku daga ɗakinka?"

"To kai ka taɓa tsayawa ka dube su? Ko sau ɗaya?"

"Allah ya kiyashe ni."

Kawu ya ce abin da bai kamata ba. Ya ce shi a ƙarƙashin ruwa ya san tsoron Allah, ba a bayan kanta ba. Kawu Babba ya tashi ya wanke hannu ya fita, Umma na ba shi haƙuri har titi. Tun daga ranar bai ƙara taka falon nan ba. Amma bai yanke zumunci ba, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni tausayi. Duk Juma'a zai zo, a shimfiɗa masa darduma a ɗan lungun da ke bakin ƙofa inda ake ajiye takalma, Kawu ya fito ya same shi a can. Tsofaffi biyu a tsugune tsakanin silifa suna shan shayi, ɗaya na ihu, ɗaya na gyaɗa kai. Shekaru suka yi a haka.

Ƙarshen nutsonsa ba daɗi. Da farko cewa ya riƙa yi girish sun ragu. Wuraren da a da yake ganinsu garke-garke, sai ya yi ta zuwa yana dawowa da kyamara ba komai. Wata safiya na raka shi kasuwar kifi ta Bangala sayen jatan lande wa Inna, muka tarar an shimfiɗe wata babbar macen girish a kan siminti, an farke cikinta, 'ya'ya sun zubo. Yara na ɗora ƙafa a kanta ana ɗaukarsu a waya. Mai kifin ya san shi, ya ce, "Ya ammi, baba, ga mutuniyarka ta zo har gida, ɗauka mana!" Kawu ya durƙusa da ƙyar ya shafa wani tsohon tabo a fiffikenta, ya daɗe. A mota na tambaye shi ko ya san ta. Ya ce bai tabbata ba. Can kuma ya ce, "Idon ba kowa a ciki."

Bayan nan zuciya ta fara ba shi matsala, likita ya ce halas, shi ke nan, ba shi ba ruwa. Ya rayu wasu shekaru a kan kujerar falo, ƙafa a kumbure, ihun ma ya ragu. Na sha cewa zan zo in ɗauki hotunan a wayata, yakan ce abin da ya fi mutum tsawo ba a cusa shi a tafin hannu, in bari sai ya samu sauƙi mu kai inda ake yi da inji. Sauƙin bai zo ba.

Ranar da aka tashi daga makoki na je na durƙusa gaban Kawu Babba a lungun takalman nan. Na ce ya bar ni in kwashe su in kai gidana, alhakin ya dawo kaina. Ya ce, "Ɗiyata, wanda ya ɗauka shi za a tambaya, ba wanda ya rataye ba." Na ce to in ɗauka a waya. Ya ce, "Ki ƙara masa yawansu ke nan?" Na fara ɗaga murya, har na ce ya tsane su ne tun can. Sai ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ni na goya shi. Tun da muka rufe shi ban yi barcin kirki ba, da na rufe ido sai in ga ana tambayarsa ya rasa amsa. Ke kina so a tuna da shi. Ni so nake ya kwanta lafiya." A nan na gane ba ƙiyayya ba ce a gabana.

Na koma wurin Inna, tana ɗaki cikin takaba, ina sa ran ita za ta tsaya mini. Ta ce, "Ban sani ba ko Yaya ne da gaskiya ko shi. Malamai ma na ji ba bakinsu ɗaya ba. Amma in akwai ko ƙwayar zarra ta azaba a cikin abin nan, ni ba zan iya kwana a ƙarƙashinsu ba."

Yayana ne ya samo tsaka-tsaki. Ya tambayi wani malami a masallacin unguwa, aka ce masa akwai masu ganin cewa kai shi ne hoto, in an cire kan, abin da ya rage ba komai. Kawu Babba ya yarda, amma da sharaɗin shi zai yi da hannunsa. Ni kuwa da na ji, na ce da wannan ai gara wutar. Me ya rage a hoton Kawu in an cire idon?

Da hantsi ya zo. Karo na farko cikin shekarun nan ya cire takalmi ya shiga falon. Yayana ya sauke hotunan ya zare su daga gilasai, ya juye na kwali, ya tafi wurin aiki. Aka nemi almakashi mai kaifi, Umma ta zaro nawa daga jakata ba tare da ta dube ni ba. Inna ta zauna a bayan labulen ƙofar ɗaki. Aka ajiye kwano a gefe don zuba abin da aka yanke, wanda za a ƙone.

Ya yi bismilla ya fara. Duk wanda ya ɗauka sai ya ce, "Allah ka yafe masa," sannan almakashi ya ci. Waɗanda suka fuskanto gaba da gaba, tsakiyarsu ya huda ya zagaye, ya bar rami. Mai fararen bakin fiffiken nan, wanda Kawu ya yi kewarsa, ina kallo fuskarsa ta faɗa kwano. Na cusa mayafi a baki. Ni aka sa in riƙa karɓar gangar jikin ina tarawa.

Can sai ya miƙo mini wani, na duba, gabana ya faɗi. Idon yana nan. Na ɗauka mantuwa ce, sai na biyu ya zo haka, da na uku. Kawu Babba yana da yana a ido, karatu ma sai an yi masa, ga shi bai taɓa tsayawa ya dubi halittar nan ba bare ya san gabanta da bayanta. Duk wanda aka ɗauka ta gefe, sai ya kawo shi dab da hanci, ya ga wutsiya mai reshe biyu, ya ɗauka baki ne a wangame, ya datse ta ya jefa a kwano yana addu'a. Ba duka ba, wani lokacin yakan dace da kan. Na riƙa kife su a kan cinyata, ina jin kamar numfashina ma zai tona ni.

Da ya gama ya ajiye almakashin, ya share fuska da hannun riga. Ya ce, "Ɗiyata, idona ba shi da tabbas. Duba mini, akwai sauran kai?"

Na dubi tarin da ke cinyata. In na ce babu, na yi wa dattijo ƙarya a kan abin da ya hana shi barci. In na ce akwai, ni na miƙa su. Ina cikin wannan tunani sai ya ce, "Ke ba za ki faɗa ba, na sani. Miƙa wa matarsa ta duba."

Na tura tarin ta ƙarƙashin labule, na bi shi na shiga. Inna ta ɗora su a cinya ta fara juyawa ɗaya bayan ɗaya. Ta wuce masu ramin, ta wuce marasa kan, ta zo kan na farko mai ido. Ta tsaya. Matar da ta yi shekaru tana share hotunan nan kai a sunkuye, yau ga ido ɗaya baƙi wuluk yana kallonta, ita ma tana kallonsa. Ta daɗe har na ji Kawu Babba ya gyara zama. Hawaye ya ɗiga a kan takardar, ta sa gefen mayafi ta goge shi a hankali. Ta duba sauran duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Sannan ta ɗaga murya ta ce, "Babu saura, Yaya. Ka gama. Allah ya saka da alheri."

Muka ji ya sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi, ya ce yau zai yi barci. Umma ta ɗauki kwanon suka fita tare.

Inna ta naɗe tarin a cikin zanen gado ta ɗora mini a hannu. Na buɗe baki, ta girgiza kai. Ta ce, "Tafi da su gidanki. Shi mamacin an yi masa abin da aka iya. Wannan ƙaryar tawa ce, in an tashi tambaya ni za a tambaya."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa inda yake kwance, ya ba shi amsa a bakinsa. Ya yafe wa wanda ya yanka, ya yafe wa wadda ta rufe.